Gina Ɗalibi da Zumunci a Sakandare: Darasi Daga Kwalejin Barewa



Gabatarwa

Yaro yakan shiga sakandare yana ɗan shekara 12, ya fita yana ɗan 18. A tsakanin nan muryarsa ke buɗewa, ya zaɓi abokai, halinsa ya kafu. Amma in an tashi auna makaranta, sakamakon WAEC da NECO kaɗai ake dubawa. Matsayin wannan takarda shi ne, tarbiyya ba ta zama sai kowane ɗalibi yana da babban da ya san shi, da amanar da aka ɗora masa.

Abin da Barewa ta yi

An kafa Kwalejin Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga baya ta ɗauki sunan Barewa. Ita ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad. Ba aji kaɗai ya gina su ba. An raba ɗalibai gida-gida, kamar gidan Bello Kagara da na Nagwamatse, kowane gida da malami mai kula da shi da shugaban ɗalibai. Basakkwace ya kwana kusa da ɗan Borno, su yi shara tare, su fita fili su kare sunan gidansu. Gowon, Kirista da ya tashi a Wusasa, da Murtala Bakano duk nan suka bi.

Tsarin yana da naƙasu: maza kaɗai ya ɗauka, su ma 'yan kaɗan. Duk da haka ginshiƙinsa mai ƙarfi ne, domin babu yaron da ke ɓacewa a cikin taro.

Halin da ake ciki

Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, jihohi da dama sun rufe makarantun kwana. Yawancin 'ya'yanmu dama jeka-ka-dawo suke yi. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce ɗalibai 40 ga malami ɗaya, amma a birane akwai ajin da ya ninka haka. A irin wannan aji, yarinya takan kifa kai a benci tun darasin farko saboda ta yi talla har dare, sai a ce mata raguwa. Yaron da ya fito bai karya ba kuwa, shirunsa sai a ɗauka ladabi ne. Ba wanda ya tambaye su, don ba wanda aka ɗora wa alhakin tambayar.

Shawarwari

Na farko, a kafa gidaje ko a makarantar jeka-ka-dawo, a cakuɗa ƙanana da manya, a hana manyan cin zali.

Na biyu, kowane malami ya riƙi rukunin ɗalibai, ya zauna da su sau ɗaya a mako, ya san unguwarsu da mai riƙonsu.

Na uku, a ba ɗalibai aiki na gaske: lambun makaranta, ɗakin karatu, muhawara, bita ga 'yan ƙananan aji.

Na huɗu, a sauke wa malamin ba da shawara wasu darussa, a ba shi ɗakin da ɗalibi zai faɗi damuwarsa cikin sirri.

Na biyar, taron iyaye da malamai ya wuce zancen kuɗi, a riƙa tattauna halin yaro.

Kammalawa

Yawancin waɗannan matakai ba sa jiran kasafin kuɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekara shida kawai muke da su. Ina roƙon kowane shugaban makaranta ya ɗauki rajista a zango mai zuwa, ya rubuta sunan malami a gaban sunan kowane ɗalibi.