Tausa Sana'a Ce, Amma Sai Da Ilimi

Jawabin da wani ma'aikacin gashin ƙashi ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci na Farfaru, Ƙaramar Hukumar Jibiya.

An ce in yi magana a kan tausa, da yadda mutum zai koye ta har ta zama hanyar cin abincinsa.

Mu nan bakin iyaka, jikinmu shi ne jarinmu. Ɗan dako yana wuni yana sauke buhuna a Magama. Direba yana zaune daga Katsina zuwa Maraɗi. Manomi yana duƙe da fartanya, mace tana kan turmi. Dare na yi, kowa sai kukan baya da wuya da gwiwa. Ashe mai tausa ba zai rasa aiki a nan ba. Kun kuma gani da idonku, da aka rufe iyaka a 2019, aka sake rufewa a 2023, mutane da yawa sun zauna ba abin yi. Sana'ar hannu kuwa ba mai sa mata kwaɗo.

Tausa ba baƙuwarmu ba ce. Ungozoma tana yi wa maijego da jariri. Maɗori yana yi wa wanda ya yi targaɗe. Ɗa yana yi wa tsohonsa da man kaɗanya. Amfaninta a fili yake. Tana sassauta nama, tana sa jini ya gudana, tana rage gajiya, tana kawo barci.

To amma hannun da ba shi da ilimi yana iya yin ɓarna. Na taɓa ganin wani yaro da ya faɗo daga kan amalanke. Hannunsa ya karye, aka ɗauka targaɗe ne. Aka murza, aka ɗaure tam da kara da tsumma. Jini ya daina zuwa yatsu. Kafin a kawo shi asibiti hannun ya yi baƙi, dole aka yanke. Wanda ya yi masa aikin ba mugu ba ne. Rashin sani ne.

Saboda haka darasi na farko shi ne sanin inda ba a taɓawa. Kada a yi tausa a kan karaya, ko gyambo, ko ƙuna. Kada a yi wa mai zazzaɓi. Kada a danna cikin mace mai juna biyu. In ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, kada a murza ta, domin mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya, in ya ɓalle yana iya kisa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye farat ɗaya, a garzaya da shi asibiti nan take. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Darasi na biyu shi ne tsabta da ladabi. Yanke farce, wanke hannu da sabulu. Fara a hankali, kana shafawa daga ƙasa zuwa sama, wajen zuciya. Ka riƙa tambayar mutum ko yana jin zafi. Mace ta yi wa mace, namiji ya yi wa namiji. Abin da ka gani a jikin mutum amana ce.

Yanzu ina ake koyo? Mataki na farko kuna kansa, wato karatu da rubutu. Jikin babban mutum yana da ƙasusuwa 206. Wanda ya iya karatu shi ne zai duba hotonsu a littafi ya gane, ya kuma rubuta sunan wanda ya zo da abin da ke damunsa. Mataki na biyu, ka zauna a hannun wanda ya ƙware, kana kuma zuwa wurin ma'aikatan lafiya da tambaya. Amma ka san matsayinka. Mai tausa ba likita ba ne, ba ya allura, ba ya ba da ƙwaya.

Mataki na uku na 'ya'yanmu ne. Yaron da ya gama sakandare da darussan kimiyya yana iya shiga Jami'ar Bayero ta Kano ya karanta gashin ƙashi. Karatu ne na shekara 5 ko fiye. In ya gama, sai ya yi rajista da hukumar da ke kula da masu wannan aiki, wadda aka kafa da doka a 1988. Irinsu ne ke aiki a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Su ne ke koya wa wanda ya yi haɗari ko mai shan inna yadda zai sake amfani da gaɓoɓinsa.

Iyayena, ina roƙonku ku bar 'ya'ya mata su yi wannan karatu. Mata da yawa suna kwance da ciwo a ɗaka, sun ƙi zuwa asibiti don ba sa son namiji ya taɓa su. In 'yar Farfaru ce za ta duba su, za su fito.

Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.