Bakteriyar daddawa da sirrin narkar da sitaci

Bakteriyar da ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, wadda masana ke kira Bacillus subtilis, ta daɗe da zama 'yar gida a ɗakunan bincike. A 1997 aka gama karanta ƙwayoyin gadonta kaf, kimanin 4,100. Ɗaya daga ciki, amyE, shi ke ɗauke da umarnin haɗa amilas, sinadarin da take fitarwa waje ya daddatsa dogon zaren sitaci ya koma sukari.

Ganin aikinsa ba wuya. A shuka bakteriyar a faranti mai sitaci, kashegari a zuba ruwan aidin. Faranti zai rine ya yi shuɗi mai duhu, amma kewayen inda ta tsiro zai fito fes, don sitacin wurin ya riga ya narke.

Tana da tattali kuma. Da zarar gulukos ya wadata a kusa, sai wani furotin mai suna CcpA ya manne a bakin amyE ya hana shi aiki. Mai tuwo a gaba ba ya ɗora tukunya.

'Yar'uwarta, Bacillus licheniformis, ita ce ta kawo kuɗi. Amilas ɗinta ba ya jin zafi, yana aiki ko ruwa na tafasa. Kamfanin Novo na ƙasar Denmak ya fitar da shi kasuwa a 1973 da sunan Termamyl, kuma masana'antu na narka sitacin masara da shi su yi ruwan sukari. Daga baya masana suka sauya wasu haruffan ƙwayar gadon da ke haɗa wannan amilas, suka samu nau'insa da bai cika buƙatar kalsiyam ba.