Tara kaya ko jiran oda: wanne ya fi wa mai sana'a?

Yau zancen da ku nake, teloli da masu gidan biredi.

Hanya biyu masana'antu ke bi. Ta farko, ka yi hasashen abin da za a saya, ka ƙera, ka jibge a sito kana jiran ciniki. Mai saye ba ya jira, amma kuɗinka na kwance, in yayi ya wuce kuma kaya sun yi kwantai.

Ta biyu daga Japan ta fito. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin Toyota ba shi da jarin tara kaya, sai injiniyansa Taiichi Ohno ya tsara cewa ba a ƙera komai sai sashen da ke gaba ya nema, da ɗan kati da suke kira kanban. Telan da ba ya yanka yadi sai an kawo awo, ai abin da yake yi ke nan.

To amma a nan fa akwai magana. Tsarin Toyota na son mai kawo kaya da ba ya saɓa alkawari. Su ma da girgizar ƙasa da tsunami suka afka wa Japan a Maris 2011, aiki tsayawa ya yi don rashin kayan haɗi. Balle mu, da kwantena kan makale a tashar Tema, ga dumso. A Disamban 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 50 cikin ɗari. Wanda ya ajiye shadda a shekarar ya fi wanda ya ajiye sidi.

A ganina, raba su za ka yi. Zare, zif da yadin da ke zuwa daga waje, saye su kafin azumi ya kama, tun Makola ba ta yi tsada ba. Ɗinkin kansa kuwa, jira oda.

Kai mai biredi, ka san ranar da za ka sake odar fulawa. In kana cin buhu biyu kullum, mai kawowa kuma yana ɗaukar kwana uku, buhu shida ke nan. Ƙara biyu saboda tsaro. Da ka ga saura takwas, ɗauki waya. Tsohon buhu kuma shi za a fara buɗewa.