Dusar Gero da Ciwon Sukari: Jawabi ga 'Yan Wurno da Rabah da Goronyo



Galibinmu a nan da fura da tuwon dawa da wake aka yaye mu. Amma da zarar ɗayanmu ya kama aikin gwamnati, sai ya koma ga burodi da farar shinkafa da lemon kwalba, yana ganin ci gaba ne. Nufina yau in nuna muku abin da mu ke bari a baya.

Sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi tsoka shi ne insulin, wanda Banting da Best suka gano a Toronto cikin 1921. Wata gaɓa ce a bayan tumbi ke fitar da shi. In ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin umurninsa, sai sukari ya taru a jini, watau ciwon sukari ke nan.

To, ina ruwan dusa da wannan? Dusar hatsi da ɓawon wake ba su narkewa a tumbi. Su kan wuce har babban hanji, inda ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa ke ruɓar da su, su fitar da gajerun asid na maiƙo iri 3: asetet da furofiyonet da butiret. Butiret abinci ne ga bangon hanjin kansa. Cikin 2003 masana suka gano cewa jiki na da wasu kafofi na musamman masu karɓar saƙon waɗannan asid. In sun taɓa su a bangon hanji, sai hanji ya saki wani sinadari mai suna GLP-1. Shi kuwa ya kan ƙara fitar insulin lokacin da sukari ya hau, ya jinkirta saukar abinci daga tumbi, ya kuma rage yunwa. Tun cikin shekarun 1970 Likita Denis Burkitt, wanda ya yi aiki a Uganda, ya yi ta gargaɗin Turawa cewa tace gari fes na jawo musu cututtuka.

Ku dubi arzikinmu. Albasa da tafarnuwar da a ke nomawa a fadamar Rima, daga Wurno har ƙasan madatsar ruwan Goronyo da aka kammala cikin 1984, suna ɗauke da irin zaren da ƙwayoyin nan ke so. Haka gero da waken gonakin Rabah. Ko tuwon da ya kwana, wani sashe na sitacinsa kan taurare ya wuce hanji bai narke ba, saboda haka kada ku raina ɗumame.

Sai dai a yi hattara. Wanda likita ya ɗora bisa magani kada ya bar shi don ya sha fura, balle furar da aka cika wa sukari. Abinci riga-kafi ne, riga-kafi kuwa ya fi magani.

In kun koma gida hutu, ku roƙi iyayenmu mata su rage surfe, su bar wa hatsi ɗan dusarsa. Allah ya ba mu lafiya.