Idon Inji: Wa Ke Tsince Shinkafar Da Muke Ci?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau za mu yi magana ne kan yadda ake koya wa inji gani, da yadda masana'antu ke ɗora masa aikin duba kaya. Kar ku ce wannan zancen Japan ne ko Jamus. Idan ka sayi buhun shinkafa 'yar gida, ka buɗe ka tarar da ita fes, babu baƙar ƙwaya, babu tsakuwa, to akwai yiwuwar kyamara ce ta kalli ƙwayoyin nan kafin su shiga buhu.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. A kamfanin casar shinkafa, bayan an cire ƙaiƙayi, akwai injin da ke fitar da duwatsu ta hanyar nauyi, tunda dutse ya fi shinkafa nauyi. Amma ƙwayar da ta ƙone wurin turarawa, ko wadda ƙwaro ya huda, nauyinta kusan ɗaya ne da lafiyayya. Nan ne injin tantance launi yake shigowa. Shinkafa na gangarowa ta wani indararo mai santsi, ta faɗo cikin iska. A daidai wurin faɗowar akwai fitilu masu ƙarfi da kyamarori, gaba da baya. Da kyamara ta hango ƙwayar da launinta ya saɓa, sai kwamfuta ta lissafa inda ƙwayar za ta kai nan da ƙiftawar ido, ta buɗe wani ɗan bututu, iska ta feso ta ture wannan ƙwayar gefe. Sauran su wuce abinsu. In ka tsaya kusa da injin, abin da za ka ji kawai shi ne tas-tas-tas, kamar ana soya gugguru.

Kuma fa ba sabon abu ba ne. Kamfanin Sortex da ya yi suna a wannan fanni an kafa shi ne a Landan a 1947, daga baya kamfanin Bühler na Suwizalan ya saye shi. A Amurka kuma, wani malami a jami'ar MIT mai suna Robert Shillman ya kafa kamfanin Cognex a 1981, kuma na'urarsu ta farko aikinta karanta lambobi da haruffan da ke jikin kayan masana'anta, irin su faifan silikon da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi. Tunanin ma ya girmi amfani da kyamara a wannan aikin. A 1924 Sakichi Toyoda, wanda ɗansa ya kafa kamfanin motoci na Toyota, ya kammala wata masaƙa da ke tsayawa da kanta da zarar zare ya tsinke. Manufar ita ce a kama aibi tun yana guda ɗaya, kafin a saƙa yadi ɗari a kansa.

To wai ya inji yake gani? Gaskiyar magana, lambobi yake karantawa. Kowane hoto tarin ƙananan ɗigo-ɗigo ne, kuma kowane ɗigo yana da lamba. A hoto marar launi, 0 na nufin baƙi ƙirin, 255 na nufin fari fat, sauran suna tsakani. Sai a ce wa injin: duk inda ka ga ɗigo kaza a jere sun yi ƙasa da lamba kaza, wannan tabo ne, ka fitar. Shi ke nan. Shi ya sa masu wannan sana'a suka fi damuwa da haske a kan tsadar kyamara. A kamfanin lemon kwalba, alal misali, ana haska kwalbar da aka wanke ta ƙasa, kyamara ta leƙa ta baki, don duk wani datti da ya maƙale a gindi ya fito a matsayin inuwa. In hasken ya lalace, kyamarar miliyoyi ma makauniya ce.

Wannan tsohuwar hanyar tana da iyaka. Tabo a jikin fata ko yadi ba shi da siffa ɗaya, ba za ka iya rubuta masa doka ba. Abin ya sauya ne bayan 2012, lokacin da masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada, wato Geoffrey Hinton da ɗalibansa biyu, suka lashe gasar gane hotuna ta ImageNet da tazara mai yawa. Daga nan masana'antu suka rungumi dabarar nuna wa kwamfuta dubban hotunan kaya masu kyau da marasa kyau, ta koyi bambancin da kanta. Amma akwai wani abin dariya a nan: kamfanin da ya iya aikinsa ba ya samun lalatattun kaya da yawa, don haka hotunan da zai koyar da su ma ƙaranci suke yi. Shi ya sa wasu suke koya wa injin siffar lafiyayyen kaya kaɗai, duk abin da ya saɓa sai ya ɗaga masa tuta.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don nan ne kuɗi suke. Injin na iya yin kuskure iri biyu. Ko ya bar mummuna ya wuce, ko ya jefar da mai kyau. Kuma ba ka iya rage ɗaya sai ɗayan ya ƙaru. Ka tsananta masa, buhunka ya yi fes, amma iskar nan tana tafiya da lafiyayyun ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da baƙar, riba na zubewa. Ka sassauta, ka cika buhu, mai saye ya dawo maka da kaya. Shi ya sa ake sake zuba abin da aka fitar a injin karo na biyu don a ceto na cetowa. Wa zai yanke inda za a tsaya? Mutum ne. Inji bai san farashin kasuwa ba, bai san wane kwastoma ne mai tsanani ba.

Mu dawo gida. Riɗi da zoɓo suna cikin kayan da Najeriya ke fitarwa waje, kuma kasuwar Dawanau a Kano babbar mahaɗarsu ce. Mai sayen riɗi a Japan ko Turkiyya yana da ma'aunin tsafta da ya rubuta a yarjejeniya, in kaya bai kai ba, ko a karya farashi ko a ƙi karɓa. A nan injin tantance launi yana taimakawa sosai. Sai dai kar mu ɗauka maganin komai ne. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a ciki. Waken nan a ido lafiyarsa ƙalau. Kyamarar launi ba ta ganin guba, wannan aikin ɗakin gwaji ne, kuma gyaransa yana farawa ne tun daga rumbu.

Sai tambayar da na san tana ranku: aikin mutane fa? Ba zan ɓoye muku ba. Matan da ke zama a sito suna tsintar kaya da hannu, da wannan kuɗin suke cefane, suke biyan kuɗin makarantar yara. Duk kayan da inji ya karɓe tsintarsa, hannuwan da ake nema za su ragu, kuma ba lallai ne wadda ta rasa aikin ita ce za ta samu sabon ba. Wannan magana ce da ya kamata masu kamfani da hukuma su zauna a kanta tun da wuri.

A ɗaya ɓangaren kuma, injin nan ɗan lele ne. Ƙurar hunturu ta rufe gilashin kyamara, sai ya fara jefar da kaya masu kyau. Danshi ya shiga iskar kwamfaresa, bututai su toshe. Wuta ta yi sama ta yi ƙasa, allon lantarki ya ƙone. Kowane sabon irin hatsi sai an sake saita shi. Duk wannan yana buƙatar mutumin da ke kusa, wanda za a kira da waya ya zo yau.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana karantar lantarki ko kwamfuta a foliteknik ko jami'a, ga ƙofa. Akwai manhaja kyauta mai suna OpenCV, tana aiki da yaren Python. Ka samu kyamarar waya, farar takarda da wake cikin tafin hannu. Ka gwada rubuta abin da zai ƙirga ƙwayoyin, sannan ya nuna maka masu huda. Ka gwada da rana, ka sake gwadawa da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, za ka ga sakamakon ya rikice. Ranar da ka gano dalili, ka fara koyon sana'ar ke nan.

Wanda ya taɓa aiki da irin wannan injin, a kamfanin shinkafa ko na riɗi, ya faɗa mana a ƙasa wace matsala ce ta fi ba shi wahala. Za mu karanto wasu a shiri na gaba. Mu kwana lafiya.