Ruwa Ba Ya Kwana a Kan Tudu

Jawabin da aka gabatar a taron cika shekara na ƙungiya, a Alsawra, Umdurman

Shugaba, iyayenmu dattawa, alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa abokan sana'a, Allah ya maimaita mana wannan rana cikin zaman lafiya.

An ce in yi magana a kan rumfa. Wani zai ce ina ruwan mai fatauci tsakanin Kano da Injamena da Umdurman da zancen rumfa? Amsar ita ce, duk nisan tafiyar kaya, a ƙarƙashin rumfa suke ƙarewa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, da yawa daga cikinmu sun bar shagunan gini a Suk Libya da babbar kasuwar Umdurman, sun dawo kasuwar Sabrin da bakin titunan Alsawra. Wanda a da yake da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, yau tampol ne a kansa, ko rumfar nan mai ƙafa huɗu da ake naɗewa. Jarin da ya tsira daga wawaso bai kamata ya lalace a ruwan sama ba.

Daminar Hartum gajeriya ce, daga Yuli zuwa Satumba, kuma ta fi ƙarfi a Agusta. Wannan ne yake sa mu sakaci. Amma dattawan da ke nan sun tuna farkon Agustan 1988, lokacin da ruwan da ya haura milimita 200 ya sauka cikin dare guda. Ruwan garin nan ba ya yawan zuwa, in ya zo kuwa da gaske yake zuwa.

Mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Ruwan milimita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ne, kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce. Rumfa mai mita 3 kowane gefe, in aka yi ruwan milimita 10 kawai, lita 90 ce ta sauka a kanta. Jarka huɗu da rabi ke nan, nauyin da ya kusa buhun sukari biyu. Ƙarafan rumfar naɗewa ba a ƙera su don wannan kaya ba.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Ruwa yana samun ɗan kwari a tampol, sai ya zauna. Nauyinsa ya ja tampol ɗin ƙasa, kwarin ya ƙara zurfi, wani ruwan ya sake gangarowa ciki. Haka zai yi ta ci har ɗinki ya ɓalle ko ƙarfe ya lanƙwashe, tafkin ya juye a kan atamfa ko buhunan zoɓo da riɗi. Don haka maganar ɗaya ce: kada a ba ruwa wurin zama tun farko.

Na farko, a yi wa rufi tudu. In rumfar naɗewa ce, a tura sandar tsakiya har ta kai ƙarshe, a ji ta kama. Ƙafafunta suna da huduje na ɗagawa da saukewa, to, a sauke ƙafa biyu na baya da huji ɗaya, rufin ya karkata. In rakuba ce ta itace da tampol, dirkokin gaba su fi na baya tsayi da aƙalla taƙi biyu.

Na biyu, a ɗaure tamau. A fara da kusurwa huɗu, sannan gefuna, a ja har in an buga da hannu a ji yana amsawa kamar ganga. Ranar Sudan tana sa tampol ya saki, abin da aka ɗaure a Mayu ba zai kai Agusta a yadda yake ba. A riƙa duba igiya kowace safiya.

Na uku, a sa wa rufi haƙarƙari. Wurin da ruwa ya fi taruwa shi ne gab da gefe, tsakanin ƙarfe da ƙarfe. A samo bututun roba siriri irin na famfo, ko gora, a lanƙwasa shi kamar baka, a cusa tsakanin ƙarfen da tampol ɗin a kowane gefe. A naɗe bakinsa da tsumma don kada ya huda. Wannan ba ya cin kuɗin da yadi biyu na shadda za su ci in sun jiƙe.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a daina. Kada a huda tsakiyar tampol wai don ruwa ya zuba, ƙaramin huji shi ne mafarin yagewa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada kuma a tokare ruwan da ya taru da sanda mai tsini. A yi amfani da kan tsintsiya ko sandar da aka ɗaura wa tsumma, a tura a hankali zuwa gefen da babu kaya, babu mutum, babu wayar lantarki.

Kada mu manta da habub. Sau da yawa iska da ƙura ke riga ruwa isowa. Ƙurar da ta kwanta a rufi takan zama taɓo, ta ƙara nauyi, don haka a kakkaɓe ta. Kowace ƙafa a ɗaura mata buhun yashi. In an tashi kasuwa kuma hadari ya haɗu, a sauke rumfar ko a cire tampol ɗin, kaya kuma su hau katako, kada su kwana a ƙasa.

Saura haƙƙin maƙwabci. Rumfunanmu a manne suke, ruwan da ka kora daga kanka wani wuri zai faɗa. Kafin ka karkatar da rufi, ka duba wa ke bayanka. Inda rumfa biyu suka haɗu, masu su su haɗa kuɗi su rataya indararo na rabin bututu a tsakani, su haƙa 'yar kwata da za ta kai ruwan magudana. Ruwan da ya kwanta a gindin rumfa gidan sauro ne, mun kuma san abin da zazzaɓin cizon sauro da na denge suke yi wa iyalanmu.

Ina roƙon shugabanni su naɗa mutum biyu a kowane layi, su zagaya rumfuna kafin watan Yuli ya kama, su taimaka wa zawarawa da dattawan da ba su da mai ɗaure musu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare dukiyarmu, ya dawo wa Sudan da zaman lafiya.