Iyali a Gaban Majalisar Ɗinkin Duniya

An umurce mu mu yi magana a kan iyali, da gardamar da ake yi a kansa a majalisun duniya. Watakila wani ya ce, ina ruwanmu da takardun da ake rubutawa a ƙetare? Da ruwanmu, gama abin da hukuma ta sa wa hannu a can yakan zama doka a nan, har ya shiga makarantar 'ya'yanmu.

Ran 10 ga Disamba 1948, a birnin Paris, ƙasashe 48 suka yarda da sanarwar haƙƙin ɗan Adam. Ba wadda ta ƙi, 8 suka janye. A lokacin nan ƙasarmu Nijar tana hannun Faransa, ba a shawarce mu ba. Duk da haka sashe na 16 ya faɗi abin da kakanninmu suka sani, watau iyali shi ne tushen jama'a, wajib ne kuwa hukuma ta tsare shi. Wani masani Kirista daga Lebanon, Charles Malik, shi ya kawo wannan magana. Ya so a rubuta cewa Mahalicci ne ya ba iyali haƙƙinsa, amma aka cire sunan Mahalicci, aka bar saura. Sashe na 26 kuma ya sa iyaye a gaba wajen zaɓen irin ilimin da za a ba 'ya'yansu.

A 1981 shugabannin Afirka suka taru a Nairobi, suka yi tasu yarjejeniya. Sashe na 18 ya maimaita maganar iyali. Na 29 ya ƙara da cewa wajib ne ɗa ya girmama iyayensa, ya ciyar da su in sun rasa. Ashe abin da muke koya wa yara cikin Dokoki Goma, ga shi a takardar ƙasashe.

A 2014 aka kawo shawarar tsaron iyali a majalisar haƙƙin ɗan Adam da ke Janiba. Ƙasashe 26 suka yarda, 14 suka ƙi, 6 suka janye. Waɗanda suka ƙi suna da magana biyu. Ta fari, wai a rubuta cewa iyali iri iri ne. Mu dai gidanmu da faɗi yake, da kaka, da maraya, da macen da mijinta ya rasu, amma aure tun farko na namiji da mace ne, a kan wannan muka tsaya. Ta biyu, sun ce da sunan iyali ake zaluntar mata da 'yan mata. A nan fa sai mu sunkuyar da kai mu ji.

Gama sashe na 16 ɗin nan da muke riƙo, shi ne ya ce ba aure sai da yardar miji da mata. Binciken da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cikin 'yan mata 100, wajen 76 an aurar da su kafin shekara 18. Wanda ya taɓa zuwa Danja kusa da Maradi, inda ake yi wa mata masu yoyon fitsari ɗinki, ya ga abin da doguwar naƙuda take yi wa yarinya. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada mu riƙe rabin sashen mu yar da rabi. Dattawan ikilisiya su tambayi amarya ita kaɗai kafin a sa rana. Uba ya bar 'yarsa ta gama makaranta. Ɗa ya tuna da tsohuwarsa a ƙauye. Sa'an nan in wakilan ƙasarmu sun tashi a Janiba domin iyali, ba mai nuna musu gidajenmu ya rufe musu baki.

Ubangiji ya tsare gidajenmu. Amin.